Yadda ake cin karon kokawa na ƙungiya, ko da an fi ka yawan nasara

Lissafi aka ɗauke ni in koyar a wata ƙaramar sakandare da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Amma da yake ba mu da malamin wasanni, kuma an san na ɗaura walki ina saurayi, sai aka jingina mini yaran kokawa. Duk shekara idan an gama yankan gero, hunturu ya fara busawa, mukan haɗu da makarantar garin da ke gabas da mu a kan yashin bayan masussuka.

A da, yadda muka gada muke yi. Kowa ya fito da gwaninsa, mai kalangu ya zuga shi, wanda ya rage a tsaye garinsu ya ci. Hakan na da daɗin kallo, ban musa ba. Sai dai na lura ƙananan yara sun daina zuwa atisaye. Wani ɗan aji biyu ya faɗa mini gaskiya: "Malam, ko na zo ko ban zo ba, ai yayanmu ne zai ci mana." Maganar nan ta tsaya mini a rai, har ranar da na ci karo da kokawar jami'o'in Amurka a waya, na zauna na bi lissafinta kamar mai duba jarrabawa.

Ga yadda suke yi idan jami'a biyu suka haɗu. Kowace tana kawo mutum goma, a ajin nauyi goma: laba 125, 133, 141, 149, 157, 165, 174, 184, 197 da 285. Wato daga wajen kilo 57 zuwa kilo 129. Kowane karo minti bakwai ne, a raba shi uku: minti uku, biyu, biyu. A kan katifa suke yi, kuma faɗuwa ba ta kashe wasa kamar tamu. Idan ka kai mutum ƙasa ka mallake shi, maki uku ne (da biyu ne, a 2023 aka mai da shi uku). Idan ya kuɓuce, ya sami ɗaya. Idan ya juye ya koma samanka, biyu. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, a irin wannan kokawa ya taso kafin ya shiga UFC, gasar faɗan da ake haɗa dambe da kokawa, har ya zama zakaran rukuni na biyu na jami'o'i a laba 174 a 2010, yana jami'ar Nebraska ta Kearney.

To wannan makin karo ne, na mutum biyun da ke cikin fili. Abin da ya ja hankalina shi ne makin ƙungiya, domin ba kowace nasara ce ɗaya da 'yar'uwarta ba. Wanda ya ci da ratar da ba ta kai takwas ba, ya kawo wa ƙungiyarsa 3. Rata daga takwas zuwa sha huɗu, 4. Idan rata ta kai sha biyar, alƙali ya tsayar da wasa, 5. Wanda kuwa ya danne kafaɗun abokin karawarsa biyu a ƙasa, 6. Haka ma idan ɗaya ɓangaren ba su da wanda za su tura, ko nasu ya ji ciwo ya kasa ci gaba, ko an kore shi, 6 ne cif.

Ɗauki alli ka gwada. Ƙungiya ta ci karo shida, duk da ƙyar: 18 ke nan. Ɗayar ta ci huɗu kacal, uku da dannewa, ɗaya da ƙyar: 21. Mai huɗu ta doke mai shida. A Nuwamban 2015 jami'ar Iowa ta karɓi Oklahoma State a filin ƙwallo, mutum fiye da dubu 42 suna kallo, aka tashi 18 da 16. Rata biyu. A irin wannan wasa, yaro ɗaya da ya ƙi yarda a danne shi ya isa ya juya sakamako.

Idan kana so ka shirya irinsa a makarantarku ko unguwarku, fara da sikeli. Mu na mai sayen riɗi muke ara, mu ba yaron shagonsa na goro. A auna yaran ɓangare biyu rana ɗaya, a gaban juna, a rubuta. Kada ka kwafo nauyin Amurka, yaranmu ba su kai can ba. Mu daga kilo 40 muke farawa, muna hawa biyar-biyar, aji na goma kuma na duk wanda ya haura 80.

Wani gargaɗi a nan, kuma da gaske nake. Kada ka bar yaro ya ƙi cin abinci ko ya ƙi shan ruwa don ya faɗo ƙaramin aji. A ƙarshen 1997 'yan kokawar jami'a uku suka mutu a Amurka cikin makonni kaɗan wajen matse nauyi, abin da ya sa hukumar wasannin jami'o'insu ta haramta rigunan roba da ɗakin gumi. Can suna da likita a kusa. Mu kafin a sami mashin zuwa asibiti sai an sha wuya. Inda sikeli ya ajiye yaro, nan zai yi.

Sai ku zauna da malamin ɗaya ɓangaren da dattijon da zai yi alƙalanci, ku daidaita maki tun kafin ranar. A kan yashi kaye shi ne ƙarshe, don haka mun ba shi 6. Karo minti huɗu ne. Idan lokaci ya cika ba kaye, sai a duba ƙananan maki: fitar da mutum daga da'ira ɗaya, sa shi ya dafa ƙasa da hannu ko gwiwa ɗaya shi ma ɗaya, gudun kamu bayan an yi gargaɗi kuma ɗaya ga abokin karawa. Wanda ya fi ya kai wa ƙungiya 3, idan ratar ta kai huɗu a ba shi 4. Idan an yi kunnen doki a ƙara minti ɗaya, in har yanzu shiru kowa ya ɗauki 2. Biyar ɗin Turawa mun bar musu, ba ta da gurbi a wajenmu. Ku rubuta wannan a takarda, kowa ya sa hannu, don ranar wasa idan kiɗa ya yi zafi kowa mantuwa yake yi.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne na fi ɓata lokaci da yarana.

A kowace ƙungiya akwai yara uku ko huɗu da kai malami ka san ba za su ci ba. Su ma sun sani. Abin da suka saba shi ne su shiga da zuciya, su kai cafka tun daƙiƙar farko, a sungume su a buga da ƙasa, su tashi suna kaɗe yashi suna cewa ai dama. Wannan yaro ya ba da 6. Da ya tsaya minti huɗu an ci shi da maki, 3 ya bayar. Ukun da ya hana, a allo ba su da bambanci da ukun da ɗan'uwansa ya ci da guminsa. Na sha maimaita wannan har yara suka fara kwaikwayon muryata.

Koya masa tsayuwa. Ƙafa a buɗe, ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙugu nesa da hannun abokin gaba. Goshi ya tokare kafaɗarsa ko gefen wuyansa. Hannuwa su riƙa kama wuyan hannu da gwiwar hannu, kada a bari a zagaye masa ƙugu, domin duk wanda aka haɗe hannu a bayansa ya gama yawo. Idan aka kamo masa ƙafa ɗaya, ya watsa ƙafafu baya ya sake nauyinsa a kan mai kamun. Idan kuma ya ga za a ɗauke shi, gara ya bari a tura shi waje ya ba da maki ɗaya. Amma kada ya yi ta ja da baya yana kewaya fili, alƙali zai hukunta shi, 'yan kallo kuma za su yi masa ihun da zai bi shi har kasuwa. Ya riƙa kai ɗan farmaki na taɗiya lokaci-lokaci, wanda ba zai buɗe shi ba. A atisaye ina haɗa irin waɗannan yara da wanda ya fi su kilo biyar, in riƙe agogo. Wanda ya kai minti huɗu a tsaye shi ke fara shan kunun zaƙi.

Gwanaye kuma tasu matsalar daban ce. Yaro ya ga ya fi ƙarfin abokin karawarsa, sai ya tsaya wasa da shi, yana juyi yana kallon 'yan mata, mai kalangu na ƙara masa kirari. Lokaci ya cika, ya ci da maki biyu, ya fito yana ɗaga hannu. Ya kawo 3 a inda muka sa ran 6. Ni a wajena wannan asara ce, kuma nakan faɗa masa a gaban kowa. Wanda zai iya kaye ya yi kaye da wuri, rawa ta biyo baya. Wanda yake gaba da maki uku saura rabin minti, ya san cewa turawa ɗaya waje za ta mai da 3 ta koma 4.

Kada ka taɓa barin aji babu kowa. Wata shekara yaronmu na kilo 45 ya bi mahaifinsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis da shanu, bai dawo ba, muka ba da 6 a banza, aka ci mu da rata biyu. Laifina ne, ban tanadi na biyu ba. Tun daga nan kowane aji mutum biyu nake ajiyewa, ko na biyun bai iya komai ba sai tsayuwa.

Akwai kuma dabarar hawa. Yaro na iya hawa ajin da ya fi nasa, amma ba ya sauka. Idan gwaninka na 60 zai haɗu da gwaninsu na 60, kuma na 65 ɗinsu lagwani ne, kana iya tura mai tsayuwa ya tare gwanin nasu ya ba da 3, naka ya hau 65 ya ɗauko 6. A Amurka ana jefa kwabo don a san wanda zai fara turo ɗan wasansa, sai a riƙa karɓa-karɓa, saboda wanda ya turo daga baya ya riga ya ga hannun abokinsa. Mu ma haka muke yi. Ajin da za a fara da shi kuma ƙuri'a ake ja, don kada kullum nauyin ƙarshe ya faɗa kan ƙato.

A kafa allo inda kowa zai gani, a sa yaro mai kyan rubutu ya riƙa tarawa bayan kowane karo. Kafin ɗan wasa ya shiga, ka raɗa masa abin da ake nema a wajensa, lamba ɗaya tak. Ka kuma ja musu kunne kan zagi da nuna yatsa. Can ana cire wa ƙungiya maki ɗaya kan rashin ɗa'a bayan karo, mu ma mun ɗauka.

Bara, bayan karo tara, muna da nasara huɗu duk da kaye, 24. Su suna da biyar, kaye ɗaya, babbar rata ɗaya, sauran ukun da ƙyar, 19. Ƙuri'a ta sa manya ne ƙarshe. Nasu ƙato ne da ke dakon buhu ranar kasuwa. Namu yaro ne mai jiki kawai, wanda bai taɓa kayar da kowa ba tun da na san shi. Idan aka kayar da shi, 25 da 24, sun ci.

Na kama kafaɗarsa na ce, "Minti huɗu nake so, ba kaye ba."

Ya ce, "To, Malam."

Sau biyu aka fitar da shi daga da'ira. Sau ɗaya aka ɗaga ƙafarsa har na runtse ido, ya yi tsalle da ɗayar ya manne. Da aka busa usur ya zube a gefe yana haki, yara suka yi kansa suka ɗauke shi sama, shi da aka ci. Allo ya nuna 24 da 22.

Wani dattijo daga garinsu, tsohon ɗan kokawa ne da har yanzu guru ke damtsensa, ya tako har inda nake da sandarsa.

"Malam, namu shida suka ci, naku huɗu. Wane irin lissafi ne wannan?"

Na rusuna na ce, "Baba, a duba bayan yaran. A ƙirga na waɗanda suka sha yashi."

Ya juya ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, nasu huɗu, namu ɗaya. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce in rubuta masa makin a takarda da manyan baƙi, jikansa zai karanta masa, kuma baɗi a garinsu za a yi.