Yadda za ki riƙe zuciyarki da ta 'yarki idan gari ya rikice

Duk wadda ta tashi a Jos ta san wannan shirun da gari yake yi in abu zai ɓaci, sai ki ga keke ya ɗauke ƙafa a Bauchi Road, masu shago sun fara jan ƙofa tun azahar ba ta yi ba, waya ta fara ƙara, kina ina, yara sun dawo? Ina 'yar shekara 13 aka yi rikicin watan Satumba 2001, ranar Juma'a ce, kuma wallahi abin da ya tsaya min a rai har yau fuskar mahaifiyata ce, tana tuƙa tuwo hannunta na rawa, in na ce Inna me ke faruwa sai ta ce ba komai je ki zauna. Wannan ba komai ɗin ya fi ƙarar bindiga tsorata ni, don idona na gani akwai komai.

Yanzu ni ce uwar, kuma ba rikici kaɗai ke girgiza gida ba. An yi yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 'yan mata suka yi wata takwas a zaune, aka shiga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, kuɗinki na banki amma cefane ya gagara, sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar, mudu ya tashi. Duk wannan 'yarki na kallo, ko ba ta ce uffan ba.

Toh 'yar uwa ki fara da daina cewa ba komai. Ki faɗa mata gaskiya daidai shekarunta, me ya faru, me kuke yi a kai, su wa ke tare da ku. 'Yar shekara shida ya ishe ta ki ce an samu faɗa a cikin gari, an ce kowa ya zauna gida, muna da abinci, Babanki ya kira yana lafiya. Budurwa kuma kar ki raina mata hankali, ta riga ta gani a waya, ki tambaye ta me ta ji tukuna sannan ki gyara mata inda aka yi ƙari. In kuɗi ne ya yi ƙasa ki ce mata wannan watan ba nama sai Juma'a, kuɗin makaranta kuma muna kan nema. Kar dai ki yi alƙawarin abin da ba a hannunki yake ba, in kika ce wallahi ba abin da zai faru sai ya faru, gobe ba za ta yarda da maganarki ba.

Sai batun haƙuri, nan ne nake so mu ɗan zauna. An tarbiyyantar da mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ranar da za a kai ki ɗaki ma nasihar kenan, yi haƙuri, yi na yi bari na bari. Ni ban ja da haƙuri ba, addini ne kuma shi ya riƙe gidaje da yawa. Amma akwai haƙuri akwai haɗiyar baƙin ciki, kuma na biyun shi ke kai mata layin masu hawan jini suna shekara arba'in. Ba mu kaɗai ba ne, a Amurka wata mai bincike Cheryl Woods-Giscombé ta zauna da mata baƙar fata ta fitar da rubutu a 2010 kan yadda suke jin dole ne su nuna ƙarfi kullum, su danne abin da ke ransu, su ƙi neman taimako, su sa kowa gaba su bar kansu a baya, kuma da yawansu sun ce wajen iyaye mata da kakanni suka gaji halin. Da na ji wannan sai na ga kamar Innata ake siffantawa.

Abin da 'yarki take buƙata ta gani shi ne uwa da abu ya dame ta, ta faɗa da bakinta, ta yi kukanta in ya zo, sannan ta wanke fuska ta tashi ta ɗora tukunya. Ki iya ce mata yau raina a jagule yake, ba ke kika yi min komai ba, bari in ɗan kwanta minti ashirin. Wannan ba ke ba ce ɗin tana da nauyi sosai, don yara in suka ga uwa ta ɗaure fuska kansu suke ɗora wa laifi. Amma dan Allah kar ki mayar da ita ƙawar sirrinki, matsalarki da babanta ko da abokiyar zamanki ba kayan kanta ba ne, za ta ɗauka ta kasa saukewa. Wannan ki kai wa yayarki ko aminiyarki ko wata dattijuwa mai riƙe magana, ko 'yan adashinku in akwai wadda kika yarda da ita.

In 'yar fari ce na san akwai kunya, wasunmu ko sunanta ba ma kira. Dabarar da ta yi min aiki ita ce kitso. Tana zaune a ƙasa kanta na cinyata, ido ba ya haɗuwa da ido, hannu na aiki, sai magana ta fito da kanta. Tsintar wake ma haka, ko tafiya Farin Gada sayo kayan miya ku biyu kawai. Kar ki ce zo nan zauna ina da magana da ke, tana jin haka za ta kulle. In ta fara kuma ki riƙe bakinki, wannan shi ne mai wuyar, don mu iyaye kafin yarinya ta kai aya mun fara faɗa. Ki ce toh sai aka yi yaya, ki bari ta gama. Kuma abin da ta faɗa miki kar ta ji shi a bakin gwaggonta ranar suna, sau ɗaya kika yi mata haka shikenan kin rufe ƙofar. In kunyar ta yi yawa ki haɗa ta da ƙanwarki ko wata yaya mai hankali da za ta riƙa buɗe wa ciki.

Lokacin dokar hana fita ta awa 24 da aka sa a Agusta 2021 na koyi cewa tsarin yini magani ne. A tashi lokacin da aka saba, a yi wanka a sa kaya ko ba inda za a je, a ci abinci tare, a buɗe littafi ko na awa ɗaya ne. Na ba tawa aikin lissafin abin da ya rage a sito, shinkafa mudu nawa, gawayi zai kai kwana nawa, sai na ga ta nutsu, tsoro ya fi cin wanda ke zaune hannu rabbana. Ku kuma yi shiri tun gari na lafiya, ta haddace lambar waya biyu a ka, ta san gidan da za ta shiga in abu ya tashi tana hanyar makaranta.

Waya kuwa sai kin yi da gaske. Da an ce ƙyas za a fara turo bidiyon gawarwaki a WhatsApp, wani na shekarun baya ne wani ma ba a ƙasar nan aka ɗauka ba. Kar ki kunna saƙon murya a gaban yara, ki ji labarai a rediyo safe da yamma ya wadatar, da dare a ajiye waya, har taki. Ki kuma kula da yadda kike ambaton mutanen ɗaya ɓangaren. Tun 2001 unguwanninmu suka rabu, Musulmi nan Kirista can, yarinyar da ta tashi tana jin duk wanda ke hayin can maƙiyinta ne kullum a firgice za ta zauna, alhali gari ɗaya za ta yi karatu da su ta ci kasuwa da su.

In firgici ya taso mata, ƙirji na bugawa numfashi sama sama, ki zaunar da ita ki riƙe hannunta ku ja iska ta hanci ku sake ta a hankali ta baki, sakin ya fi jan tsawo, haka yana saukar da bugun zuciya. Ku haɗa da addu'ar da kuka saba, da muryarki ƙasa ƙasa.

Akwai kuma inda dabarar gida take tsayawa. In ta kai sati biyu ba ta barci ko ba ta cin abinci, ta daina abin da take so, ta koma fitsarin kwance bayan ta daina, ko kullum ciwon ciki da ciwon kai an auna ba a ga komai ba, ki kai ta asibiti. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, da ke Lamingo suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba hauka ba ne, kuma bai hana a ci gaba da addu'a ba. Ke ma in alamun nan a jikinki suke, musamman bayan haihuwa, ki je. In kuwa ta taɓa furta cewa gara ta mutu ta huta, kar ki ce shirme ne ko neman magana, ki kwashe fiya-fiya da magunguna daga inda hannunta zai kai, kar a bar ta ita kaɗai, ku tafi wajen likita a ranar.