Kalaman 'Yan Siyasa Kan Shari'o'in Sauyin Yanayi: Kurakuran da Masu Hannun Jarin Mai da Gas Suka Fi Yi

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu hannun jari a kamfanonin mai da iskar gas shi ne ɗaukar maganar ɗan siyasa tamkar hukuncin kotu. Gwamna ya yi alwashin sai kamfanonin mai sun biya diyyar ɓarnar sauyin yanayi, sai mutum ya sayar da hannun jarinsa a gigice. Shugaban ƙasa ya ce zai kawo ƙarshen ƙararrakin neman wannan diyya, sai wani ya saya da murna. Dukkansu sun tsallake tambayar farko: mai maganar nan, yana da iko a kan shari'ar kuwa?

A Amurka, jihohi da birane ne suka shigar da galibin ƙararrakin, a kotunan jiha, bisa dokokin jiha. Shugaban ƙasa ba shi da ikon korar su. A ranar 8 ga Afrilu 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ɗora wa ma'aikatar shari'a aikin yaƙar irin waɗannan dokoki da ƙararraki. Ma'aikatar ta maka jihohin Hawaii da Michigan da New York da Vermont a kotu. Duk da haka Hawaii ta shigar da tata ƙarar a kan kamfanonin mai a ranar 1 ga Mayu. Umarnin ya buɗe wata sabuwar shari'a ce, bai rufe tsofaffin ba. Don haka ka raba masu magana gida biyu. Akwai masu alƙalami a hannu: babban lauyan jiha da zai iya shigar da ƙara ko janye ta, kamar yadda Rob Bonta na California ya yi ƙarar ExxonMobil da Shell da Chevron da BP da ConocoPhillips a Satumba 2023, majalisar da za ta iya yin doka, ministan kuɗi da zai iya ɗora haraji. Akwai kuma 'yan takara da 'yan majalisa ɗaiɗaiku, waɗanda maganarsu ra'ayi ce kawai har sai ta zama ƙudurin da ya samu ƙuri'u.

Ana kuma yawan rikita matakan shari'a, kuma a nan ne kanun labarai suka fi yaudarar mutane. An shafe shekaru ana taƙaddama ba a kan ko kamfanonin sun yi laifi ba, sai a kan wace kotu ce ke da hurumi, ta jiha ko ta tarayya. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Mayu 2021 a shari'ar BP da birnin Baltimore na ƙa'ida ne zalla, bai taɓa gundarin zargin ba. Da kotun ta ƙi sauraron koken kamfanonin a shari'ar birnin Honolulu na jihar Hawaii a Janairu 2025, ma'anarsa shari'ar za ta ci gaba, ba wai an kama kowa da laifi ba. 'Yan siyasar kowane ɓangare kan kira irin waɗannan matakai gagarumar nasara. Kai dai ka nemi amsar abu uku kafin ka taɓa jarinka: wace kotu ce ta yi magana, a kan hurumi ta yanke ko a kan gundarin ƙarar, kuma saura matakin ɗaukaka ƙara nawa?

Shari'ar Shell a Holan ta isa darasi. A ranar 26 ga Mayu 2021 wata kotu a birnin Hague ta umarci kamfanin ya rage hayaƙin da yake fitarwa da kashi 45 cikin ɗari nan da 2030, idan aka kwatanta da 2019. A ranar 12 ga Nuwamba 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umarni. Tsakanin hukuncin biyu, a 2022, Shell ya ci ribar kusan dala biliyan 40 saboda tashin farashin makamashi. Wanda ya fice a 2021 don hukuncin farko kaɗai ya yi asarar wannan lokaci.

Daga nan sai kuskuren jingina kowane motsin farashi ga labarin da ya fi ƙara a ranar. Farashin ɗanyen mai ne babban direban waɗannan hannayen jari. ExxonMobil ya yi asarar dala biliyan 22.4 a 2020, ya ci ribar dala biliyan 55.7 a 2022, kuma ba kotu ce ta jawo ko ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne. Ɗauki motsin hannun jarin kamfanin a ranar da aka yi maganar, ka kwatanta shi da motsin farashin gangar Brent (ɗanyen man da ake auna farashin kasuwar duniya da shi) da na takwarorinsa da ba sa cikin ƙarar. In duka sun faɗi da kashi 2 cikin ɗari, maganar ba ta yi komai ba. Ratar da ta rage bayan kwatancen ita ce tasirin gaskiya, kuma yawanci ƙarama ce. Binciken masana a London School of Economics a 2023 ya gano cewa shigar da ƙara ko hukunci marar daɗi na rage darajar kamfani da kimanin kashi 0.41 cikin ɗari a matsakaici, manyan masu fitar da hayaƙi kuwa kusan kashi 1.5 bayan hukuncin da bai yi musu daɗi ba. Wannan fa tasirin matakin kotu ne, ba na jawabi ba.

Manyan alƙaluma ma suna razana mutane fiye da kima. Dokar da Gwamna Kathy Hochul ta New York ta sa wa hannu a Disamba 2024 tana neman dala biliyan 75 daga kamfanonin makamashi saboda ɓarnar sauyin yanayi, amma a tsawon shekara 25, wato biliyan 3 a shekara, a rabe tsakanin kamfanoni masu yawa, kuma an ƙalubalance ta a kotu. Ka raba adadin da shekaru, ka ƙiyasta kason kamfaninka, ka rage shi gwargwadon yiwuwar dokar ta tsira, sannan ka auna shi da tsabar kuɗin da ke rage wa kamfanin bayan ya kashe na ayyuka.

Sai dai wanda ya ce duk hayaniya ce shi ma ya kauce. Kamfanonin taba sigari sun daɗe suna cin nasara a kotu kafin yarjejeniyar 1998, wadda ta ɗora musu biyan kimanin dala biliyan 206 ga jihohin Amurka 46. Kuma idan mai magana yana riƙe da baitulmali, maganarsa kan zama kuɗi cikin makonni: a Mayu 2022 Birtaniya ta ɗora ƙarin harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ribar masu haƙar mai da gas a Tekun Arewa, daga baya ya kai 35, sannan 38. Ƙananan kamfanonin da dukkan rijiyoyinsu ke yankin sun fi jin jiki fiye da manyan da suka bazu a duniya.

Wurin da ya kamata ka duba shi ne rahoton shekara na kamfanin, fom 10-K ga kamfanonin Amurka ko 20-F ga irin su Shell da BP, a sashen shari'o'i da bayanan da ke biye da lissafin kuɗi. Ƙa'idar aikin akantoci ta wajabta ware kuɗi idan asarar ta zama mai yiwuwa sosai kuma ana iya ƙiyasta ta. Ka ajiye rahoton bana kusa da na bara, ka duba ko lafazin ya sauya, ko an ƙara sunan sabuwar shari'a, ko an fara ware wani adadi.