Haɗa Kunun Zaƙi da Tsiro a Gida, da Yadda Ake Rubuta Kundin Aikinsa

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke dafa giya a gidajensu don sha'awa, kuma ƙwararru a cikinsu ba sa ɗora tukunya sai da littafi a gefe, suna rubuta nauyin hatsi da zafin ruwa da awoyin da kowane mataki ya ci. Mu a zangunan Kumasi mafi yawanmu Musulmi ne, giya ba abin shanmu ba ce, amma rabin farko na aikin nasu, wato tsirar da hatsi da juya garinsa ya koma sukari, shi ne ainihin aikin da iyayenmu mata ke yi wajen kunun zaƙi, kuma da shi ake fara giyar gargajiya irin su fito da burkutu a Bolgatanga da Wa. Hanyar ba ta rabuwa sai a ƙarshe: mai fito yana zuba yis ya bar ruwan ya kwana yana kumfa, mai kunu kuwa yana tsayar da aikin tun sukarin bai fara zama barasa ba. Wanda ke son kununsa ya fito iri ɗaya kullum, kuma ya tabbata bai ƙetare wannan iyaka ba, yana bukatar littafin fiye da mai giyar.

Kayan aikin ba su da yawa: sikelin kicin mai auna giram, ma'aunin zafi na girki, bokiti mai murfi, rariya da farin ƙyallen tata, buhun algarara mai tsabta, da littafi mai kauri wanda ba za a yi wani lissafi dabam a cikinsa ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan aiki kimar ido ba ta wadatar, kuma ko olonka, mudun awo na kasuwanninmu, ma ba a dogara da ita, domin cikar ta wata mai hatsi a Aboabo ba ita ce cikar ta wata a Kejetia ba. A saya da olonka, a auna da sikeli a gida, a rubuta nauyin.

Tsiro shi ne tushen komai, don haka a nan ya kamata a fi tsanantawa. Ana yin sa da dawa ko gero ko shinkafa mai ɓawo. Wajen saye a tambayi mai hatsin kai tsaye: "Hajiya, wannan dawar ta bana ce ko ta bara?" Tsohuwar dawa da wadda ƙwari suka huda ba sa tsira da kyau, kuma kada a kuskura a yi amfani da irin shuka da aka shafa wa magani, wanda galibi ake rina shi ja ko shuɗi. Kafin a jiƙa da yawa, a ƙirga ƙwaya 100 a nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan kwana uku; idan waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, gara a bar wannan hatsin ga tuwo ko koko. Wannan adadi shi ne abu na farko da zai shiga littafi, tare da kasuwar da aka sayo hatsin da launinsa.

A wanke dawar, a kwashe wadda ta taso saman ruwa, a jiƙa ta awa 12 zuwa 24 ana sauya ruwan aƙalla sau biyu, domin ruwan da ya daɗe yana tsami ya shaƙe ƙwayar. Bayan an tsane ta, a baza a kan buhun algarara, kaurinta kada ya wuce yatsu uku, a rufe da wani jiƙaƙƙen buhun a wuri mai inuwa. Safe da yamma a yayyafa ruwa a juya ta da hannu. Idan an tura hannu ciki aka ji ɗumi kaɗan da ƙamshi irin na ɗanyen ganye, aiki yana tafiya daidai. Idan aka ji yauƙi ko wari, ko aka ga fumfuna kore ko baƙa, a zubar da ita baki ɗaya ba tare da jin asara ba, saboda wasu nau'o'in fumfunar hatsi suna fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda tafasa ba ta kashe ta. A zafin Kumasi, kwana uku zuwa huɗu sun isa.

Daga nan sai shanya, kuma a nan ne yanayin garinmu ke ba da wahala. Kumasi tana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma tsiron da aka shanya a waɗannan watanni yana iya yin fumfuna tun bai bushe ba. A ganina abin da ya fi shi ne a yi tsiro mai yawa a hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, a adana shi a roba mai rufuwa sosai. Alamar bushewa ita ce a ciji ƙwayar ta fashe da ƙara. Da zarar ta bushe, a murje ta da tafin hannu a sheƙe, har saiwa da ɗan ganyen su fita tas. Wannan mataki ba na ado ba ne: sabon tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, irin wadda ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci, kuma mafi yawansa a saiwar da ganyen yake. Shi ya sa makiyaya ba sa barin shanu su ci gyauron dawa ɗanye.

Ga awon da za a iya farawa da shi: gero kilo 1, busasshen tsiro giram 200, busasshen dankali giram 100, citta giram 30, da ɗan kanumfari da masoro. A jiƙa geron ya kwana, a wanke, a kai injin markaɗe tare da kayan ƙamshin. Tsiron da dankalin a daka su dabam. Sai a raba ƙullun geron uku, a ajiye kashi ɗaya ɗanye, a sheƙa wa kashi biyu tafasasshen ruwa kimanin lita 4 ana damawa har ya yi kauri kamar koko.

Wannan rabon yana da dalili. Sinadaran da ke cikin tsiro, waɗanda masana ke kira amiles, ba sa iya narkar da garin hatsi da sauri sai ya dahu, kuma garin dawa da gero yana bukatar zafi mai yawa kafin ya dahu, wajen digiri 70 ko sama a ma'aunin salshiyas. Su kuwa sinadaran sun fi aiki tsakanin digiri 60 da 70, kuma suna mutuwa idan zafi ya doshi 80. Saboda haka dole a dafa garin da farko, a jira ya huce, sannan a kawo tsiron. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar zuba tsiro a ƙullu mai tururi, daga baya kunu ya ƙi zaƙi a ɗora laifin a kan hatsi. A sa ma'aunin zafi a tsakiyar bokitin, ba a gefe ba. Idan ya sauka zuwa 68, a kwaɓa garin tsiro da na dankali da ɗanyen ƙullun a ɗan ruwa, a juye a dama sosai, zafin zai sauka zuwa wajen 60. Dankalin ma ba don ɗanɗano kawai ake sa shi ba, yana da yalwar nau'in amiles mai samar da zaƙi, wanda tsiron dawa ke da ƙarancinsa. A rufe bokitin a naɗe shi da bargo. Kafin awa ɗaya ko biyu, ƙullun da muciya ke tsayawa a cikinsa zai saki ya zama ruwa, kuma ɗanɗano zai nuna zaƙi ba tare da an sa sukari ko cokali ɗaya ba.

Tsamin kunu yana zuwa ne bayan nan, lokacin da bokitin ya huce, ƙwayoyin bakteriya masu yin tsamin nono da suka shigo tare da ɗanyen ƙullun suka fara aiki. Amma ba su kaɗai suka shigo ba, akwai yis na cikin iska da na jikin hatsi, wanda ke cin sukari ya fitar da barasa da iskar gas. A cikin awoyin farko bakteriyar ce ke kan gaba, yis kuwa sai an jima yake ƙarfi, don haka agogo ne ke raba kunu da abin da ba kunu ba. Awa 8 zuwa 10 sun isa a lokacin sanyi, a zafin Fabrairu da Maris kuwa a fara ɗanɗanawa tun daga awa 6. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi ya sha ruwansa a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, daga nan ba ya ƙara shansa. Kunun da ke cike da sukarin tsiro a ɗakin girki mai zafi ba zai kai ko kusa da wannan tsawon ba.

Da tsamin ya kai yadda ake so, a tace da ƙyalle, a mayar kan wuta a tafasa na minti 10 zuwa 15 ana juyawa. Da yawa daga masu kunu ba sa yin wannan, kuma gaskiya ne tafasar tana ɗan sauya ɗanɗano tana ƙara kauri, har sai an ƙara tafasasshen ruwa. Duk da haka ina ganin ribarta ta fi, domin tana kashe yis, tana dafa ɗanyen kashin, tana kuma korar ragowar gubar tsiro. A sanyaya da sauri ta hanyar ajiye tukunyar a baho mai ruwan sanyi, a ɗura a gorunan roba da aka wanke sosai, a sa a firji ƙasa da digiri 5, a shanye cikin kwana biyu zuwa uku. Gorar da ta kumbura ta yi tauri, ko ta yi tsaki da aka buɗe ta, shaida ce cewa yis ya koma aiki, sai a zubar. Kwalbar gilashi kuwa a guje ta, tana iya fashewa.

Kowane haɗi a ba shi shafinsa da lambarsa. Ban da abin da aka ambata, a rubuta ranar aiki da yanayin gari, ruwan da aka yi amfani da shi, na famfo ne ko na rijiyar burtsatse, ƙarfe nawa aka zuba tsiro da zafin da ma'auni ya nuna, ƙarfe nawa aka tace, da awoyin da aka ɗauke wuta firji ya tsaya. Shafi yana iya kasancewa haka: "Haɗi na 7. Jar dawa, 94 cikin 100 suka tsira. An zuba tsiro ƙarfe 9 na dare a zafi 67. An tace ƙarfe 5 na asuba. Zaƙi ya yi, tsami ya yi kaɗan, citta ta yi yawa in ji Inna." Ra'ayin mutanen gida a rubuta shi da kalmominsu, a kuma rubuta shi a ranar, domin bayan mako guda ba wanda zai tuna.

Wanda ya samu haidiromita, ɗan gilashin da ke iyo a ruwa yana nuna yawan sukarin da ya narke, zai ƙara samun natsuwa. Ruwa zalla yana nuna 1.000, ruwan da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa sukari ne yana nuna kusan 1.040. A bar kunun ya kwanta, a ɗebi garai-garan saman, a bari ya huce zuwa digiri 20, a auna bayan ya saki, a sake aunawa kafin tafasa. Masu giya suna ninka bambancin lambobin biyu da 131 don kimanta barasa, wato saukowa daga 1.040 zuwa 1.036 tana nufin kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. A kunu lissafin yana ɗan zarce gaskiya, saboda bakteriyar tsami ma tana cin sukarin, amma lambar da ke sauka da sauri gargaɗi ce a rage awoyi a haɗi na gaba.

Idan za a gyara wani abu, a sauya abu ɗaya tak a kowane haɗi, ko yawan tsiro ko zafi ko awoyin tsami, a ja masa layi a shafin, domin wanda ya sauya uku a lokaci guda ba zai san wanne ya gyara ba. Mai niyyar ɗura kunun a gora da suna don sayarwa kuma ya tuna cewa Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta wajabta yin rajista da Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana, kuma lambar haɗi da ranar haɗawa da za a buga a jikin gorar daga wannan littafin za a ɗauko su.