Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen fon da kala a mujallar kwalliya

Yanzu a Kaduna da sallah ta matso ko lokacin bukukuwa sai ka ga teloli da masu sayar da leshi kowa na son fitar da 'yar mujallar kayansa, a ba yaro mai manhajar zane irin CorelDraw ko Canva ya haɗa. Abin da yawancinsu ke mantawa shi ne atamfa da leshi sun riga sun zo da kalarsu. An ɗauko hoton amarya cikin jan leshi mai duwatsu, ga ɗaurin kai ruwan gwal, sai kuma a shimfiɗa mata bayan shafi ruwan hoda a yi kanu da kore, haba don Allah ina ido zai sauka? Ka bar bayan shafin fari ko ruwan madara, rubutu baƙi, sai ka tsinto kala ɗaya tak daga jikin kayan ka yi kanun da ita, shi ke nan.

Fon, wato salon haruffan rubutu, shi ma haka, biyu sun isa, ɗaya na kanu ɗaya na bayani. Mutane suna ganin sunan mujallun kwalliyar Turawa irin Vogue da Harper's Bazaar a bango da siririn rubutun nan samfurin Didot sai su kwaso shi su zuba ko'ina. A babban kanu yana da kyau ba ƙarya, amma ka ƙanƙanta shi zuwa lamba 9 ko 10 ta girman rubutu ka sa shi fari a kan baƙi, siraran layukan tawada za ta cinye su. Shi kuma rubutun katin biki mai lanƙwashe-lanƙwashe, wallahi har lambar wayar tela ana rubutawa da shi, mai son ɗinki ta rasa 1 ne ko 7.

Wanda ya fi ci min rai shi ne maganar ɓ ɗ ƙ ƴ. Yawancin fon ɗin gayu da ake saukewa kyauta a intanet ba su da su, kuma mujallar kwalliya ba yadda za ta yi ta guje wa ɗinki da ɗankwali da ƙunshi, sai ka ga ɗan akwati a wurin harafin ko kwamfuta ta aro shi daga wani fon ya fito daban a tsakiyar kalma. Kafin ka ƙallafa rai a kan kowane fon ka buga haruffan nan ƙanana da manyansu ka gani. Noto Serif da Charis SIL da Andika duk suna da su.

Sai rigimar da ake yi a wajen masu bugawa, wai ba kalar da na bayar ba ce. Sikirin haske yake amfani da shi, RGB, inji kuma tawada huɗu gare shi, CMYK, don haka shuɗi mai ƙyalli da ruwan hoda mai kashe ido dole su dushe a takarda, shuɗin ma wani lokaci ya karkata ya zama shunayya. Tun farko ka buɗe aikin a CMYK. Ruwan gwal kuwa tawada ba ta ƙyalli, ruwan ƙasa-ƙasa zai fito, in gwal na gaske kake so sai foyil, wato siririn fallen nan mai ƙyalli da ake mannawa a takarda, kuma kuɗinsa daban ne. Ƙananan rubutu ka sa su baƙi zalla K 100, wato baƙar tawada ita kaɗai, in ka haɗa tawada huɗu inji ya ɗan goce sai su yi inuwa.

Hotuna kar a turo maka ta WhatsApp kai tsaye, yana matse su, a turo a matsayin fayil. Ka danna Ctrl+Q a CorelDraw rubutun ya koma zane kafin ka kai wa masu bugawa don kar fon ɗin ya canza a kwamfutarsu, amma ka ajiye kwafin da za ka iya gyarawa. Sannan ka biya a buga maka shafi ɗaya na gwaji a kan takardar da za a yi aikin, ka fita waje ka duba fuskar mai hoton da kyau, fata takan fi duhu a takarda, in ta yi duhu a ƙara wa hoton haske kafin a tada inji.