Babi na Shida: Ni da Gwamnati, da Yadda Ake Dangwala Ƙuri'a

Darasi na 1: Wa ya ɗora su?

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da 'yan uwana. Duk wanda ya iso wannan babi ya riga ya iya rubuta sunansa, ya kuma iya karanta lambobi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku sa yatsa a ƙarƙashin layi kamar yadda muka saba, ku bi a hankali. Kalmar da ta gagara, ku zagaye ta da fensir, ku kawo mini ita aji.

Nijeriya tana da wani littafi da ake kira tsarin mulki. Wanda ake aiki da shi yanzu na 1999 ne. An raba shi kashi-kashi, kowane kashi da lambarsa, ana ce masa sashe. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati take samun iko. Ya kuma ce babban aikin gwamnati shi ne tsaron jama'a da walwalarsu. Jama'ar nan ku ne. Mai facin taya, da mai ƙosai, da Baba da ke noman gero, duk kuna ciki.

Ga waɗanda muke ɗorawa da hannunmu, daga na kusa zuwa na nesa. Kansila, shi ne na mazaɓarku. Sai shugaban ƙaramar hukuma, wanda kuke kira ciyaman. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, 44 daga ciki a Jihar Kano. Sai ɗan majalisar jiha da gwamna. Sai ɗan majalisar wakilai, su 360 ne a Abuja. Sai sanata, su 109, kowace jiha uku, Abuja ɗaya. Sai shugaban ƙasa. Gwamna da shugaban ƙasa shekara 4 suke yi, in an sake zaɓensu su ƙara 4, daga nan sai su sauka ko suna so ko ba sa so.

Mata, ku saurara da kyau. Iyayenku a Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai a 1976, alhali matan Kudu sun riga su da shekaru. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da dama a kan neman wannan dama. Ku riƙe wannan a zuci kafin wani ya ce muku zaɓe ba na mata ba ne.

Darasi na 2: Kati da layi

Wanda ya kai shekara 18 shi ke da ikon zaɓe. Amma sai ya yi rajista da hukumar zaɓe, wato INEC, ta ba shi kati. Rajista kyauta ce, karɓar kati ma kyauta ne. Katin yana ɗauke da hotonka, da sunanka, da lambar rumfar da za ka yi zaɓe. Ku fito da katunanku yanzu. Kowa ya nemo sunansa, ya karanta da ƙarfi. Madalla. Ba a zaɓe a kowace rumfa, sai wadda aka rubuta maka. Kada ka ba kowa ajiyar katinka, ko da ɗan jam'iyyarku ne.

A zaɓen 2023 an buɗe rumfuna da ƙarfe 8:30 na safe, aka rufe layi da ƙarfe 2:30 na rana. Wanda yake kan layi kafin a rufe, sai ya yi zaɓe ko da dare zai yi. Idan layi ya zo kanka, malamin zaɓe zai duba katinka, ya tantance ka da wata na'ura mai kama da babbar waya, sunanta BVAS. Za ta duba yatsanka ko fuskarka. Ba ta cizo, ba ta kuma sanin wanda za ka zaɓa. Bayan nan a shafa maka tawada a gefen farce, a miƙo maka takardar ƙuri'a.

Juya takardar ka dubi bayanta. Ka ga hatimi? Ka ga sa hannu da kwanan wata? In babu, ka mayar wa malamin zaɓe cikin ladabi, ka ce, "Malam, a sa mini hatimi." A shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 2023, kotun farko ta soke ƙuri'u sama da 165,000 saboda an ce ba hatimi ko sa hannu a jikinsu, sai da aka je Kotun Ƙoli a watan Janairun 2024 aka dawo da su. Kun ga abin da ɗan hatimi ya jawo.

Darasi na 3: Dangwale

A nan za mu daɗe, domin a nan na fi ganin mutane suna faɗuwa. Mutum ya tashi da asuba, ya bar kasuwarsa, ya sha rana a layi, sannan a ƙarshe ya lalata ƙuri'arsa da hannunsa, ya tafi gida bai ma sani ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 ƙuri'u 1,289,607 aka ƙi ƙirgawa saboda sun lalace. A na 2023 kuma 939,278. Ku gwada karanta lambobin nan. Kowace ɗaya mutum ne da ya tsaya a rana.

Takardar ƙuri'a doguwa ce. Babu hoton ɗan takara a jikinta. Abin da ke ciki shi ne alamar kowace jam'iyya, da haruffan sunanta, da wani fili mai kusurwa huɗu a gefenta. Wannan filin za mu riƙa kiran sa gurbi. Kowace jam'iyya da gurbinta. A 2023 jam'iyyu 18 ne, don haka guraben ƙanana ne, kuma suna manne da juna. Tun daga gida ka san alamar jam'iyyar da kake so, ka kuma san haruffanta. Ni ba zan gaya muku wadda za ku zaɓa ba, ba aikina ba ne. A takardar gwajin da na raba muku na zana buta, da turmi, da tukunya, da akuya, don kada wani ya ce malam yana yi wa wata jam'iyya talla.

To, ga yadda ake yi. Shimfiɗa takardar a kan tebur. Nemo alamar da ido tukuna, hannunka ba tawada. Ka same ta? Bi da ido zuwa gurbin da ke gefenta. Yanzu taɓa tawada da kan yatsa ɗaya, kaɗan kawai. Ɗora yatsan a tsakiyar gurbin. Danna sau ɗaya. Ɗaga shi sama tsaye. Kada ka murza, kada ka ja.

Gurbi ɗaya, yatsa ɗaya, sau ɗaya. Ku maimaita tare da ni.

Mu sake. Ido tukuna, sannan tawada. Me ya sa? Domin wanda ya fara shafa tawada, da wannan yatsan yake bin takarda yana neman alama, sai ya bar tabo a gurbi uku. Da an ga tabo a gurbin jam'iyya biyu, ba a san wadda yake nufi ba, sai a ware ƙuri'ar gefe. Wata dattijuwa a ajinmu na bara ta yi gwajin nan sau shida tana ɓatawa, har ta ce a ƙyale ta, hannunta ya saba da muciya. Na ce, "Iya, hannun da ya iya kwalli ba ya zuba a kunci, shi ne zai kasa wannan?" A na bakwai ta yi shi tsaf. Kowa zai iya.

A kan alamar ake dangwalawa? A'a. A cikin gurbin da ke gefenta. A kan layin da ya raba gurbi biyu? A'a, a tsakiya. In babban yatsanka yana da faɗi, kamar na maƙera da manoma, yi amfani da manuniya ko ƙaramin yatsa. Hukumar zaɓe ta yarda da kowane yatsa. In ka ga tabon bai fito sosai ba, kada ka je wani gurbi ka gwada tawada. Kada kuma ka rubuta sunanka a takardar. Na san kun koyi rubutun suna, kuna kuma alfahari da shi, ni ma ina alfahari da ku, amma ba a nan ba. Ƙuri'a sirri ce, duk wadda aka rubuta abin da zai nuna mai ita, ta lalace.

Ɗauki takardar gwaji ta biyu. Zaɓi turmi. Ido. Gurbi. Tawada kaɗan. Tsakiya. Danna. Ɗaga. Nuna wa na kusa da kai ya duba ko ta taɓa layi. In ta taɓa, ba komai, shi ya sa muke gwaji. Sake da tukunya.

Saura naɗewa, kuma a nan ma ana asara. Tawada ɗanya ce. In ka ninka takardar sama da ƙasa, tabon zai manne a gurbin wata jam'iyya, ka ga ka zaɓi biyu ba da niyya ba. Goge yatsanka tukuna. Dakata kaɗan tawadar ta sha iska. Sannan naɗe takardar a tsaye, rubutun yana ciki, kamar naɗin tabarma, ka ɗan danne ta ta kwanta, ka jefa a akwati. Ranar zaɓen shugaban ƙasa takardu uku za a ba ka, akwatuna ma uku ne. Kowace takarda da akwatinta. In ka rikice, tambayi malamin zaɓe, amma kada ka buɗe masa takardar.

Yanzu zan yi muku faɗa, ku yi haƙuri. Makon da ya wuce na ba da takardun gwaji goma-goma a yi a gida. Mutum huɗu ne suka dawo da su. Wasu sun ce yara sun yaga, wani ya ce an ƙunshe masa ƙuli-ƙuli a ciki. Haba jama'a! Kun iya zama awa biyu kuna muhawarar siyasa a majalisa, kuna ɗaga murya a kan wane ya fi wane, amma minti biyar na gwaji ya gagare ku? Wanda ya ce ai ya sha yin zaɓe, ba sai an koya masa ba, shi na fi ji wa tsoro, don ba a taɓa dawo masa da ƙuri'arsa ya ga yadda ta fito ba. Gurbi ɗaya, yatsa ɗaya, sau ɗaya. Goge, dakata, naɗe a tsaye. Ba wanda zai wuce wannan darasi sai ya kawo mini takardu biyar a jere ba tabo.

Darasi na 4: Taliya da sabulu

Za a zo muku da kuɗi, ko taliya, ko atamfa. Sayen ƙuri'a da sayar da ita laifi ne a dokar zaɓe, mai bayarwa da mai karɓa. Na san halin da ake ciki, ba na zagin mai jin yunwa. Amma ku yi wannan lissafi a littafinku: shekara 4 kwana 1,461 ne. Raba abin da aka ba ka gida 1,461, ka ga nawa ya kama a rana. Ba a shiga wurin dangwale da waya don ɗaukar hoto. Ba mai ikon leƙa takardarka, ko miji, ko mai gida, ko ejan na jam'iyya.

Darasi na 5: Bayan an jefa

Kana iya tsayawa nesa kaɗan, cikin natsuwa, har a ƙirga. A gaban jama'a ake ƙirgawa, a faɗi sakamako da ƙarfi, a manna takardarsa a rumfa. Kwafi lambobin a littafinka. Wanda ka zaɓa yana iya faɗuwa. In haka ta faru, wanda ya ci shi ma wakilinka ne, kana da ikon zuwa wurinsa da kukanka. Wanda bai yarda da sakamako ba, kotu zai tafi. Sashe na 39 ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayinka, na 40 ya ba ka 'yancin taro da shiga ƙungiya.

Darasi na 6: Takarda zuwa ga kansila

Kwanan wata a sama. Sunan kansila da mazaɓa. Matsala ɗaya kawai, misali famfon unguwa ya lalace. Sunanka da sa hannu a ƙasa. Yi kwafi biyu, ka riƙe ɗaya.

Aikin gida: rubuta sunan kansilanku da na ɗan majalisar jiharku. Wanda bai sani ba ya tambayi mai unguwa. A zo da takardun gwaji biyar ranar Asabar.