Yadda ake gano matsalar famfon injekta a tsohuwar motar dizal, da abin da ke gyaruwa ba sai an sauke shi ba

Tsohuwar motar dizal in ta fara wuyar tashi, ko ƙarfinta ya ragu a hawa, ko ta riƙa mutuwa a silo, famfon injekta, mai tura dizal zuwa cikin silinda, ake fara nuna wa yatsa. Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. Famfon shi ne abu mafi tsada a layin mai, kuma yana cikin waɗanda suka fi daɗewa ba su lalace ba. Don haka daga tanki ake faro bincike, a biyo hanyar mai daki-daki, famfo ya zama na ƙarshen zargi.

Fara da sanin irin famfon da ke motarka, domin iri biyu ne. Akwai mai jere, wanda kowace silinda ke da nata ɗan fistan, bututun ƙarfe suna fitowa a layi ɗaya daga samansa, kamar na Bosch da ke kan injinan Mercedes OM616 da OM617. Akwai kuma mai juyawa, wanda bututunsa ke fitowa a zagaye daga bayansa, kamar Bosch VE na Volkswagen Golf mai lita 1.6, ko Lucas CAV da ke kan injinan Peugeot da yawa. Bambancin da ya shafe ka shi ne: mai jere baƙin mai ne ke shafe ƙasansa, shi kuwa mai juyawa dizal ɗin da ke ratsa shi ne kaɗai man shafawarsa. Shi ya sa ruwa ko fetur a cikin dizal ke saurin cinye mai juyawa.

Mataki na 1: Cire abin da ba na mai ba

Injin dizal ba ya tashi in kik ba ya juya shi da sauri, domin zafin matsin iska ne ke kunna man. Batir mai rauni ko wayar as da ta yi tsatsa kan sa a yi wa famfo ƙazafi. Auna hita, wato filogin da ke ɗumama silinda kafin tashi, ɗaya bayan ɗaya da mita: mai lafiya tana nuna wajen ohm 1 ko ƙasa da haka, wadda ta ƙone ba ta nuna komai. In akwai ma'aunin matsin silinda, auna. Tsofaffin injinan nan kan ba da wajen bar 30 in suna da lafiya, wanda ya sauka ƙasa sosai kuwa ko sabon famfo ba zai tashe shi da sanyin safiya cikin sauƙi ba.

Sannan ka sa wani ya murza ki, kai ka tsaya wajen salansa. In farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal na fita, mai yana shiga silinda, ƙonewa ce ba ya yi: hita, matsi ko taimin, wato lokacin da famfo ke tura mai. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya isa.

Mataki na 2: Solonayid mai yanke mai

A famfon VE akwai solonayid a saman kan famfo, waya ɗaya ke zuwa masa. Buɗe ki, ka cire wayar ka sake taɓa ta a kansa. Ya kamata ka ji ɗan ƙas. In babu, duba ko volt 12 na isowa. In wuta na zuwa amma shiru, kwance shi da sifana 24 bayan ka wanke wajen tas, ka fito da ɗan sandan da ke ciki da sifirin ɗinsa. Robar bakin sandan kan yage ta toshe hanya. Za ka iya mayar da solonayid ɗin babu sandan don gwaji kawai, amma ka sani ki ba zai kashe injin ba, sai ka sa giya ta sama ka taka birki ka saki kuloci a hankali.

Mercedes ba haka take ba. Zuƙar iska ce ke kashe ta, don haka in ta ƙi mutuwa bayan an cire ki, nemi tiyon zuƙa da ya tsage, kada ka taɓa famfo.

Mataki na 3: Iska da ƙarancin mai

A nan gizo ke saƙa. Famfon VE da kansa yake zuƙo mai tun daga tanki, don haka duk layin da ke tsakaninsa da tanki a cikin zuƙa yake. Ƙaramin tsagi a tiyo ba zai ɗigar da dizal ka gani ba, iska zai riƙa sha. Motar da ta kwana ta yi wuyar tashi, ta tashi ta yi ɗan gudu ta mutu, sannan ta wuni lafiya, kusan ko yaushe iska ce ta shiga da dare mai ya koma tanki.

Sa ɗan guntun tiyo mai haske, wanda ake ganin cikinsa, tsakanin filta da famfo. Ƙwayar kumfa ɗaya jefi-jefi ba komai ba ce. Jerin kumfa kamar carbi, ko mai da ke ja da baya da zarar an kashe inji, shi ne laifin. Wuraren da aka fi kama shi: robar kan filta, musamman in tsohuwar ta manne aka ɗora sabuwa a kanta, washar tagulla ta notin banjo (noti mai rami da mai ke bi ta cikinsa) da aka sake amfani da ita, ƙananan tiyon komawar mai da ke tsakanin nozul da nozul (masu fesa mai cikin silinda) waɗanda zafi ke busarwa, da famfon hannu da ake jawo mai da shi. A Mercedes tsohon famfon hannu mai farin kai da ake warwarewa ya shahara da shan iska.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na kwalba. Zuba dizal mai tsabta lita 2 a jarka, ka sa tiyon shiga famfo da na komawa duka a ciki, ka tayar da inji. In ya daidaita, famfonka lafiya lau, matsalar tana baya: filta, ragar cikin tanki, bututu, ko murfin tanki da hancinsa ya toshe. Wannan na ƙarshen ana gane shi in mota ta mutu bayan doguwar tafiya, aka buɗe murfi aka ji tanki ya shaƙi iska.

Filta kuwa a canja ta kawai. Juye abin da ke cikin tsohuwar a kwalbar gilashi ka bar shi ya kwanta. Ruwa zai taru a ƙasa, baƙin yauƙi na nufin tanki na son wanki, ƙyalƙyalin garin ƙarfe kuma labari ne marar daɗi.

Akwai kuskure ɗaya da ke wahalar da mutane a kan VE. Notin banjo na komawar mai an rubuta OUT a kansa, kuma yana da ɗan rami siriri, bai kai milimita 1 ba. Wannan ramin ne ke riƙe matsin cikin famfo, matsin kuma shi ke tura taimin gaba in gudu ya ƙaru. In aka musanya shi da na shiga, inji zai yi silo amma ba zai ja ba. In ramin ya toshe, sai ƙara da tangal-tangal.

Mataki na 4: Ko famfo na tura mai

Sassauta notin bututun ƙarfe a kan kowace nozul da sifana 17, rabin juyi, ka rufa tsumma, a buga kik. Kowane bututu ya kamata ya riƙa tofar da mai bi da bi. Haka nan ake fitar da iska: da kumfa ya ƙare sai a ɗaure, wajen Nm 25, kada a wuce gona da iri don bakin bututun na fashewa. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a jere.

In inji na aiki amma yana rawa, sassauta su ɗaya-ɗaya. Silindar da ka sassauta sautin inji bai canja ba, ita ce ba ta aiki. Musanya nozul ɗinta da ta maƙwabciya. In matsalar ta bi nozul, ka gama. A kai nozul duka a gwada su a famfon gwaji: na Volkswagen 1.6 marar turbo na buɗewa wajen bar 130, na OM617 marar turbo wajen bar 115, kuma feshin ya zama kamar hazo, babu ɗigo. Kada ka kuskura ka kai hannu gaban feshin. Yana huda fata, kuma rauni ne na asibiti nan take ko da bai yi zafi ba. Wajen mayarwa a sa sabuwar washar zafi a ƙarƙashin kowace.

Mataki na 5: Yoyo

Wanke famfo, bushe shi, tayar da inji ka bi da tocila. Dizal mai ƙarancin sulfa na sa tsofaffin robobi su ƙanƙance, don haka nemi na Viton, robar da ke jure mai. Robar sandan totur da ta murfin sama na canjuwa famfo na kan mota, amma da sharaɗi. Kafin ka cire hannun totur, ja layi da abu mai kaifi a kan sandan da hannun tare. Haƙori ɗaya in ya goce, ko inji ya ƙi silo ko ya tashi da gudu. Ɗauki hoton yadda sifirin na gwamna, wato abin da ke daidaita gudun inji, ya maƙale kafin ka zare shi. In dole ka janye sukurun yawan mai don murfi ya zauna, ƙirga juyin da ka yi ka mayar daidai.

Tashin farko bayan wannan aiki, cire tiyon iska ka tanadi ɗan katako mai faɗi a hannu. In inji ya ƙwace da gudu ya ƙi jin ki, toshe bakin shan iska da katakon. Ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba.

Sil ɗin gaban famfo ya fi haɗari. A inji mai bel, dizal na zuba kan taimin bel ya ruɓar da shi, dole a canja duka biyun. A inji mai giya, dizal ɗin cikin baƙin mai yake shiga, sai ka ga ma'auni na hawa, man ya tsinke yana warin dizal. Kafin sa sabon sil, girgiza sandan: in yana wasa gefe da gefe, bushin ya ci, sabon sil ba zai yi wata nawa ba.

A famfo mai jere, yoyo ya fi fitowa a gindin bawul ɗin da bututu ke ɗaurewa. Roba da washar tagulla ake canjawa, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure da ma'aunin ɗauri yadda littafin injin ya ce, don ɗaurin ganganci na karkatar da silindar famfon.

Mataki na 6: Taimin

Farin hayaƙi da sanyin jiki na nuna mai na makara. Ƙara mai kaifi kamar ana buga guduma na nuna yana riga lokaci. A VE, tura maɓallin tashin sanyi ciki in akwai, kawo silinda ta 1 kan alamar ƙololuwa a fulawil, inda fistan ya kai ƙarshen sama, cire ƙaramin notin da ke tsakiyar bututu huɗu, ka ɗaura agogon awo da ɗan matsi kamar milimita 2. Juya inji baya har allura ta tsaya, saita sifili, dawo gaba zuwa alama, karanta. Injinan Volkswagen 1.6 na neman wajen milimita 0.9 zuwa 1.0, gwargwadon lambar injin, don haka duba taka. In bai yi ba, sassauta notocin famfo da na bututu, murza jikin famfon kaɗan-kaɗan, ɗaure, juya inji sau 2 ka sake aunawa. OM617 da gwajin ɗigo ake saita shi, wato ana lura da inda mai ke komawa ɗigo a mafitar silinda ta 1 ta famfon, a digiri 24 kafin ƙololuwa.

Mataki na 7: Lokacin sauke shi

Motar da ke tashi da sanyi amma ta ƙi in ta yi zafi, alhali kik na juyawa da kyau, kan famfo ake zargi: zafi na tsinka dizal, ya riƙa sulalewa ta gefen fistan da ya ci. Zuba ruwa mai ɗumi kaɗan, ba na ƙanƙara ba, a kan famfon, ka jira minti 2. In ta tashi, kan ya gama aiki. Wannan, da garin ƙarfe a bakin solonayid, da gudun da ke hawa da sauka shi kaɗai bayan an tabbatar babu iska, duk aikin mai injin gwajin famfo ne, domin tazarar da ke tsakanin fistan da gidansa ba ta wuce 'yan maikuron ba (ɗaya bisa dubu na milimita) kuma tare ake sayar da su. Wajen saukewa yi alama a jikin famfo da mazauninsa, toshe kowace kafa da murfi mai tsabta, kuma in garin ƙarfe ka gani, wanke tanki da bututu ka sa sabuwar filta kafin famfon da aka gyara ya hau.