Inda za ki bar yaro kafin ki tafi Kejetia

A Gana makarantar gwamnati ba ta karɓar yaro sai ya kai shekara 4, lokacin shiga KG, wato ajin share fagen firamare. Ma'aikaciya hutun haihuwarta mako 12 ne a dokar ƙwadago ta 2003, mu 'yan kasuwa kuwa ko wannan babu. Don haka daga yaye zuwa shekara 4, kuɗin reno daga lalitarki zai fito. Ni atamfa nake sayarwa a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, gidanmu na unguwar Aboabo. Goyo yana yi muddin yaro na baya, amma da ya fara tafiya kasuwa ta daina zama wurinsa: ga matakala, ga masu dako da kaya a ka, ga ciniki da ke ɗauke ido.

In kina da kaka a gida mai sauran ƙarfi, kin more. Sai dai ki yanka mata abin goro duk wata, ko ta ce ba ta so. Haka maƙwabciya: ku zauna ku tsayar da kuɗi da lokacin ɗauka tun ranar farko, ki ce, "Yaya, nawa zan riƙa kawowa?" Kunyar maganar kuɗi ce ke ɓata zumuncin gidan haya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗauko ƙaramar yarinya daga arewa ta zo reno. Dokar yara ta 1998 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba aiki, kuma ita ma 'yar wani ce da ya kamata tana aji.

In kiresh za ki kai shi, wato gidan renon yara na kuɗi, kada ki je ranar da suka ce ki zo. Ki faɗo musu da tsakar rana, lokacin ci da barci. Fentin bango da hotunan dabbobi ba su ne reno ba. Ki ƙirga yaran, ki ƙirga matan da ke kansu, ki tsaya ki ga in yaro ya yi kuka wa ke ɗaukarsa, da wace irin murya. Ki tambayi mai renon shekara nawa ta yi a wurin, domin inda ake yawan sauya ma'aikata, yaro kullum a hannun baƙuwa yake. Ki leƙa inda ake wanke musu kashi, ki ga ko da ruwa da sabulu, ko tagogi na da ragar sauro, ko ƙofar waje na kulle. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, saboda kwatocin unguwarmu a buɗe suke, kuma kowa ya san yadda Aboabo ke cika da ruwa da damina. Sannan ki nemi ganin takardar izinin Social Welfare (hukumar jin daɗin jama'a), wadda doka ta wajabta wa kowane gidan reno. Mai gaskiya ba za ta ji haushi ba.

Da yawa daga wuraren nan na coci ne ko na mabiyanta. Ki tambaya cikin ladabi wane nama ake dafawa da wace addu'a ake koya wa yara, ko ki riƙa ƙunso masa koko da tuwonsa daga gida.

Kuɗi kuma ba na zango kaɗai ba ne. Akwai na shiga, na abinci kullum, na yunifom, ga jerin kaya kamar Pampers, sabulu da Dettol, wasu har da tara in kin makara zuwa ɗauka. Ki sa a rubuta miki duka, ki haɗa da kuɗin Pragya (keke mai ƙafa uku) ko trotro (motar haya), sannan ki kwatanta. Wuri mai araha a nesa sau da yawa ya fi na kusa tsada. Ni nakan ware na reno a hannun mai susu (mai karɓar ajiya) kullum, in biya ta MoMo (tura kuɗi ta waya) don shaida ta zauna a waya. Uban yaro ma ya san adadin, nauyinsa ne.

Ki ba su lambar waya biyu da sunan wanda aka yarda ya ɗauki yaron, ki ajiye kwafin katin awo da na inshorar lafiya (NHIS) a jakarsa. Makon farko ki riƙa ɗaukarsa da wuri har ya saba. Kuma ki tambaya yanzu ko suna buɗewa lokacin hutu, don a watan Disamba ake rufe makarantu, daidai lokacin da atamfa ta fi tafiya.